Yaya ake aika cincin da biskit daga Damagaram su isa da ƙaras-ƙaras ɗinsu?

Uwar Ɗalibi: Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yini. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Za a aika cincin da biskit na gida daga nan Damagaram zuwa Yamai, wani kashi kuma zai wuce Faransa ta gidan waya. Yaya ake yi kada su yi sanyi, kada su dagargaje, kada kuma su yi warin mai kafin su isa? Leda ta fi, ko roba, ko gwangwani? Kuma gaskiya ne ana saka yankin burodi a ciki?

Hajiya Mai Gara (Birni): Wa alaikumus salam ɗiyata. Ajiye maganar leda da gwangwani tukuna, mu fara daga bakin murhu, don yawancin cincin da ke lalacewa a hanya tun a madafi ya lalace. In kika kwashe shi daga mai, ki zuba a matsami ya tsane, sannan ki baza shi a babban faranti, kada ki tara shi tsibi guda. Ki bar shi awa biyu zuwa uku. Gwajin shi ne ki cusa hannu har ƙasan farantin, in kin ji ɗumi ko kaɗan ne, bai huce ba. Wanda aka ɗaure da ɗuminsa yana yin gumi a cikin leda, za ki ga ɗigo-ɗigon ruwa a jikinta, ruwan nan kuma cikin cincin yake komawa. Kwana biyu ya yi laushi, in damina ce kafin sati ya fara funfuna.

Na biyu, cincin na tafiya ana yanka shi ƙanana, kamar kan ɗan yatsa. Manyan yanka waje ya soyu ciki da sauran danshi, wannan danshin ne yake fitowa daga baya ya jiƙa sauran.

Mai Biskit ta Sabon Gari: Hajiya kun gama magana. Bari in ƙara da awo, don kwaɓin da za a ci yau daban yake da na tafiya. Na tafiya: fulawa kilo 1, sukari giram 200 zuwa 250, bota giram 100, ƙwai 2, madarar gari babban cokali 4, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan. Ruwa a zuba shi kaɗan-kaɗan, kusan kofin shayi babba guda, har kwaɓin ya yi tauri ya daina kama hannu. In ya yi ruwa zai sha mai, in bota ta yi yawa zai yi taushi yana marmashewa, ya kuma sa man suya kumfa. Madarar ruwa kada ta shiga, ta gari ta fi jimiri.

Zafin mai kuma, mai ma'auni ta tsaya wajen digiri 170 zuwa 175. Marar ma'auni ta jefa ƙwaya ɗaya, in ta nutse ta taso nan da nan tana kumfa a gefe, mai ya yi. In ta zauna a ƙasa bai yi zafi ba, cincin zai sha shi ya yi nauyi. In kuma ta yi ja kafin ki juya, wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye. Minti biyar zuwa bakwai kowane zubi, kuma kada a cika kasko, don yawan zubi yana kashe zafin mai.

Uwar Ɗalibi: Na gode Hajiya, na gode Tanti. To biskit fa? Wane iri ya fi jure hanya?

Mai Biskit ta Sabon Gari: Busasshe mai kauri. Mafi sauƙi shi ne na ɗaya-biyu-uku: sukari giram 100, bota 200, fulawa 300, babu ruwa babu ƙwai. Ki murza kaurinsa ya kai rabin santimita ko ya ɗan fi, ki yanka shi zagaye ko mai kusurwa huɗu. Masu siffar tauraro da fure suna da kyau a faranti, amma kunnuwansu ne ke fara karyewa a mota. Fur, wato tandar gasa biskit, ya kai digiri 160 zuwa 170, minti 18 zuwa 20, har ƙasansa ya yi ruwan zuma. In an kashe wuta a buɗe ƙofar fur kaɗan a bar shi ciki minti goma, sauran danshin ya fita.

Abin da ba zai shiga kwali ba: mai cakulan a sama, mai kirim a tsakiya, mai jam. Cakulan yana fara narkewa tun kafin digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu rana tana wuce 40 a inuwa, balle a cikin mota. In ana son ɗanɗanon cakulan a sa garin koko a cikin kwaɓin, shi ba ya narkewa.

Ƙanwar Zango: Ni dai abin da na sani ana sa yankin burodi a cikin roba, yana hana biskit bushewa. Mutane da yawa suna faɗin haka a intanet.

Hajiya Mai Gara (Birni): Ƙanwata, mu bushewar muke nema.

Malamin Kimiyya: Dukkanku kuna da gaskiya, sai dai kowa da irin biskit ɗin da yake nufi. Dabarar burodi ta masu yin biskit mai laushi ce irin na Amurka, wanda ake son ya zauna da taushinsa. Burodi yana ɗauke da ruwa sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, sukarin da ke cikin biskit kuma yana jawo ruwa. In aka rufe su wuri ɗaya, ruwan yana barin burodin ya koma cikin biskit. Ga mai son laushi wannan riba ce, ga cincin da busasshen biskit kuwa hasara ce, daidai yake da yayyafa masu ruwa. Sannan a zafinmu burodin da aka rufe a roba kwana uku zuwa huɗu ya isa ya yi funfuna, ya shafa wa sauran.

Dalilin nan ne ma ya sa ba a haɗa mai laushi da busasshe a mazubi ɗaya. Kek da cincin in suka kwana tare, kek ya bushe, cincin ya jiƙe, kowa ya yi asara. Haka alkaki da dubulan, tunda an tsoma su a ruwan sukari ko zuma, su ma nasu mazubin daban.

Ƙanwar Zango: To Malam, ɗanyar shinkafa fa a ƙulle a ƙyalle? An ce tana shanye danshi.

Malamin Kimiyya: Tana sha, amma kaɗan ne ƙwarai, don ita kanta shinkafar kasuwa tana da nata danshin, wajen kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, cincin da ya soyu sosai ya fi ta bushewa. Sai in an soya ta a busasshen kasko ta huce aka ƙulle, nan za ta ɗan taimaka. Abin da ke aiki da gaske shi ne ƴan ƙullin nan na silika da ake samu a cikin kwalaben magani. Guda biyu ko uku sun isa gwangwani ɗaya. Wanda aka ciro daga kwalin takalmi ko jaka kada a yi amfani da shi, ya kwashi warin fata da gam. A manne shi a cikin murfi, kada a jefa shi tsakiyar abinci, a kuma gaya wa mai karɓa ya cire kafin yara su kai hannu.

Hajiya Mai Gara (Birni): Yanzu mu zo kan mazubi. Gwangwanin madarar gari, na giram 400 ko na 900, babu kamarsa. Ba ya saurin lotsewa, haske ba ya shiga, ɓera ba ya huda shi. A wanke shi, a kife a rana yini guda, a duba bakin da gindin kada a bar ɗigon ruwa a lungu, don nan tsatsa take farawa. Amma kada a zuba cincin kai tsaye. A fara sa shi a farar leda mai kauri, kashi-kashi, kamar giram 250 kowace, a matse iska a liƙe baki. Amfanin ƙananan ƙulli shi ne mai karɓa ya buɗe ɗaya ya cinye, sauran suna nan a rufe. In ƙulli ɗaya ne babba, duk buɗewa iska tana shiga.

Baƙar ledar kasuwa ba ta abinci ba ce, tana da wari kuma siririya ce, kusurwar cincin tana huda ta. Marar injin liƙe leda ta ninke bakin a kan bayan wuƙa, ta bi da shi gefen harshen kyandir a hankali, zai manne. Sai ta danna ƙullin da tafin hannu, in ya saki iska akwai huji, a sake. Bayan an rufe gwangwani a zagaye bakin murfin da salatif sau biyu, saboda kiyashi. Kiyashi yana bin sukari ta inda allura ma ba za ta shiga ba.

Mai Biskit ta Sabon Gari: Roba mai murfi ma tana yi in sabuwa ce. Wadda aka taɓa zuba miya, yaji, daddawa ko omo a ciki, ko an wanke sau goma mai zai jawo warin. Biskit kuma ba a zuba shi kamar cincin. A haɗa biyu-biyu baya da baya, a naɗe da leda, a jera su a tsaye kamar faranti a kwando, don gefe ya fi fuska ƙarfi. Tsakanin jeri da jeri a sa farar takarda. Gireba ta fi kowa rauni, ita kowace ɗaya da nata naɗin, kuma ita ce a sama.

Jarida kada ta taɓa abinci. Mai yana narkar da tawada, za ki ga rubutu ya fito a jikin biskit.

Uwar Ɗalibi: In na sa su a firigo, wato firij, su kwana kafin a kai tasha fa, ba zai ƙara musu kwana ba?

Malamin Kimiyya: A'a Hajiya, kada ki yi. Abu mai sanyi in ya fito cikin iska mai ɗumi raɓa take sauka a kansa, kamar yadda kike gani a jikin kwalbar lemo. Sanyin ba zai wuce awa ɗaya a hanya ba, jiƙewar kuwa ta zauna. Ga kuma ɗauke wuta, firigo ya huce ya sake sanyi, kowane zagaye da nasa gumin. Busasshen abu wurinsa ɗaki mai inuwa, nesa da murhu da taga.

Tanti Mai Fur: Malam, a nan ban bi ka duka ba. Firiza daban, firigo daban. Mai yin aiki da yawa, kamar na biki, tana iya gasa biskit sati biyu kafin lokaci, ta liƙe shi a leda ta daskarar. Sharaɗin shi ne ranar da za ta fitar kada ta buɗe ledar sai ya dawo daidai da zafin ɗaki, awa uku ko huɗu, raɓar ta sauka a bayan leda, a goge, sannan a sa a gwangwani. Kuskuren shi ne buɗewa da sanyinsa, ko sa shi a kwali yana daskare, kwalin ya jiƙe ya saki.

Malamin Kimiyya: Na yarda Tanti, in an bi wannan sharaɗin babu laifi. Amma ga wadda za ta soya yau ta aika gobe, babu abin da zai kai ta firiza.

Tanti Mai Fur: Haka ne. Sai maganar warin mai da Uwar Ɗalibi ta tambaya tun farko, ba a taɓa ta sosai ba. Abu uku ke tsufar da mai: iska, zafi, haske. Na huɗu kuma wanda ya fi su, man da aka riga aka yi suya da shi. Man da ya soya ƙosai ko kifi jiya ya riga ya fara lalacewa, cincin da aka soya da shi sati ɗaya ya isa ka ji maƙaƙi a maƙogwaro. Na tafiya sabon mai ake buɗe masa. Man gyaɗa na gida yana da ƙamshi, amma a tabbatar na kwanan nan ne, a shinshina, a ɗanɗana a harshe. In ana suya ana tsame ɓurɓushin da ke ƙonewa a ƙasan kasko tsakanin zubi da zubi, su ne ke baƙanta mai su sa ɗaci.

Man shanu ɗanye yana da ruwa da sauran nono a ciki, shi ya sa yake saurin juyawa. In za a sa shi a nakiya ko gireba sai an soya shi ya daina ƙara, an tace. Soyayyen man shanu ne ke sa nakiya ta yi watanni lafiyarta lau.

In an kiyaye duk wannan, cincin yana kai sati huɗu zuwa shida a rufe, busasshen biskit sati uku zuwa huɗu. Mai laushi kuwa kada a sa masa rai ya wuce kwana biyar a zafin nan.

Malam Na Tasha: Salamu alaikum iyayenmu. Ku kun yi naku na madafi, ga na hanya. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur mota tana girgiza. Agadas ta Tanut wajen 450 ne, amma girgizar ba ta gaza ba. Abin da ke fasa kaya shi ne sarari a cikin kwali. Duk abin da ke motsi zai daku. Kwali ya zama mai kauri, mai ninki biyu in an samu, kuma ya fi gwangwanin girma da kamar yatsu uku ta kowane gefe, har sama da ƙasa. A cike wannan sararin da dunƙulalliyar takarda ko yankakken kwali, a nan jarida ta halatta tunda ba ta taɓa abinci. Kafin a liƙe a ɗaga a girgiza kusa da kunne. In an ji kwaras-kwaras a buɗe a ƙara cusa takarda, a cikin gwangwanin ma haka, a cike samansa har murfi ya danne.

Salatif mai faɗi a bi tsakiya, a bi gefe biyu, sama da ƙasa. Da damina a sa kwalin cikin babbar leda ko buhu, don ana sauke kaya a ƙasa ko ana ruwa. Da hunturu ma ledar tana tare ƙura.

Suna da lambar wayar mai karɓa a rubuta da babban alƙalami a gefe biyu, a kuma sa wata takardar a ciki ko ta waje ta goge. A rubuta cewa abinci ne mai fashewa, a zana kibiya ta nuna sama. A roƙi masu lodi kada su sa shi ta baya kusa da inji, kada kuma ya kwanta kusa da babur, jarkar mai, sabulu ko buhun albasa. In ƙaramar mota ce mai ɗaure kaya a sama, rana za ta dake shi tun safe har yamma, gara a ba wani fasinja ya riƙe a ƙafarsa.

Hajiya Mai Gara (Birni): Allah ya yi albarka Malam. A ƙara da turaren wuta da humra. Mata suna son haɗa su kwali ɗaya da kayan gara don rage kuɗin mota, cincin ya isa yana ƙamshin turare, ba mai iya cinsa.

Malam Na Tasha: Gaskiya ne Hajiya. Sannan lokaci. Manyan motocin Yamai da asuba suke tashi, don haka a kai saƙo da yammacin jajibiri, kada a kai shi da safe bayan mota ta tafi ya yini a ɗakin ajiya mai rufin kwano. A ɗauki hoton rasit a tura wa mai karɓa, a ce ya je washegari. Kwali nawa ne ke isa lafiya, sannan ya yi kwana huɗu yana jiran mai shi a cikin zafi.

Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya: Na Faransa yana da nasa ƙa'idar. Ƙaramin ƙunshi a tsarin gidan waya na duniya iyakarsa kilo 2, wanda ya wuce haka ya shiga sahun babban ƙunshi, kuɗinsa daban. Gwangwani da kwali suna cin nauyi, a auna komai tare a gida kafin a zo. Akwai takardar kwastan da ake cikewa, CN22 ga ƙaramin ƙunshi mai ƙaramar daraja, CN23 ga babba. A rubuta abin da ke ciki da Faransanci dalla-dalla, cewa busasshen biskit ne na gida, kyauta ce, ga nauyi ga kimar kuɗi. Rubuta “abinci” kawai yana jawo a buɗe.

Abu mafi muhimmanci: kada a sa kilishi ko dambun nama ko cuku a wannan kwalin. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da nama da kayan nono a saƙon mutane daga ƙasashe irin namu, in aka gani ana iya riƙe ƙunshin gaba ɗaya, cincin ya tafi tare da kilishin. Kada kuma a liƙe kwalin waje tun daga gida, a zo da salatif a hannu, don ana iya neman ganin abin da ke ciki kafin a karɓa. Farar leda da ake hango abu ta cikinta tana taimakawa a nan, ko an buɗe gwangwani ba sai an yage ƙulli ba.

A kai shi Litinin ko Talata, kada ya ci Asabar da Lahadi a ajiye. Daga nan sai ya bi ta Yamai kafin ya hau jirgi, saboda haka a yi lissafin makonni, in ana gaggawa a tambayi EMS, sashen saƙon gaggawa na gidan waya. Cincin da busasshen biskit kawai za su jure wannan, alkaki da dubulan a bar su sai an samu matafiyi.

Uwar Ɗalibi: Allah ya saka wa kowa da alheri, na rubuta duka. Tambaya ta ƙarshe: in duk da haka ya isa ya ɗan yi sanyi, zubarwa za a yi?

Tanti Mai Fur: A duba tukuna. In akwai funfuna, ko fari-fari kamar auduga ko ɗigon kore, ko a ƙwaya ɗaya ne, ƙullin nan duka a zubar, kada a tsince, don saiwarta tana shiga inda ido ba ya gani. In warin tsohon mai yake yi shi ma ba ya gyaruwa. Amma in laushi ne kawai, a baza shi a faranti a sa a fur digiri 150 minti biyar zuwa bakwai. Ɗalibin da ba shi da fur ya zuba a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, yana juyawa minti uku ko huɗu. Da zafinsa zai ji kamar bai gyaru ba, sai ya huce ƙaras-ƙaras ɗin yake dawowa. Ya bar shi ya huce sarai kafin ya mayar a gwangwani.

Hajiya Mai Gara (Birni): Ki kuma rubuta ranar suya a jikin murfi ɗiyata, ki gaya wa ɗalibin naki ya fara da biskit, cincin ya biyo baya.